Dawar Surukina da Titin Jirgi

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da ranar Asabar ɗin da jirgin feshi ya sauka a filinmu, matuƙin ya fito ya ce bai taɓa taka titin ƙasa mai kyan namu ba. A duk shekarun da na yi ina aiki ban samu yabon da ya kai wannan ba, kuma babu wanda na fi jin kunyarsa kamarsa. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kun sha jin gutsuren labarin a bakin mutane, gara ku ji shi daga bakin mai laifin.

Kada wanda bai san wurin ba ya ji an ce filin jirgi ya ɗauko hoton na Kano a ransa. Namu jan marmara ne aka shimfiɗa a daji, arewa da Ƙaura, sai ka saki hanyar Shinkafi ka yi ɗan kwana. Ɗaki ɗaya ne na kwano, a cikinsa akwai rediyon oba-oba mai cin batirin mota, da littafin da matuƙi ke sa hannu in ya sauka. A waje kuma wani dogon ƙarfe ne da aka ɗaura wa ƙyalle mai kama da hannun riga, shi ke nuna wa matuƙi inda iska ta dosa. Ma'aikata mu biyu ne: ni Umaru, mai kula da fili, a matakin albashi na huɗu, sai maigadi, wani dattijo mai nauyin kunne wanda jirgi kan sauka ya tashi bai fasa gyangyaɗinsa ba. Jiragen da ke zuwa ƙanana ne, a shekara ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Mafi yawa na feshin fara ne da tsuntsun jan-baki, jefi-jefi kuma wani babba ya zo ta'aziyya.

Aikina guda ne, in tabbatar titin da jirgi ke gudu a kai yana nan fes: ba suri, ba rami, ba dabba, ciyawa kuma kada ta wuce idon sawu. Da can muna da tarakta mai jan injin yankan ciyawa. Da aka ƙirƙiro jihar Zamfara aka zauna rabon kaya, sai tarakta ta faɗa rabon tsohuwar jiha, injin da take ja ya faɗo rabonmu. Adalci kam an yi, kowa ya samu rabi. Injin yana nan bayan ɗaki har na bar aiki, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa.

Daminar farko na gwada adda. Kafin in kai ƙarshen titi, farkonsa ya sake yin kore shar kamar ban taɓa ba. Ana haka na haɗu da Jauro Bello, wani Bafillace da rugarsa ke gabas da fili, muka yi yarjejeniya ta baki. Shanunsa su riƙa kiwo a titi, amma ba ranar da aka yi ruwa ba, sai ƙasa ta tsane, don kada kofato ya tona mini marmara. Kashin shanu manoma na kusa ke kwashewa don taki, har rige-rige suke yi. In sigina ta zo, wato saƙon rediyo daga hedikwata cewa jirgi na tafe, sai in buga wani tsohon ƙarfen tayar mota da na rataye a bishiya, kafin ka sha ruwa ka ajiye moɗa shanu sun bar wurin. Damina uku muka yi a haka. Ciyawa ba ta taɓa wuce idon sawu ba, jirgi bai taɓa tarar da ko ɗan maraƙi ba, ni kuma kowace safiya ƙwaryar nono na jirana a bakin ƙofa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, da farkon damina, aka turo mana sabon shugaba mai kula da ƙananan filaye, Alhaji Lawali. Ɗan gidan malamai ne, ya daɗe yana aiki a Kaduna, mutum mai tsabta da son ƙa'ida. Ba na ce mugu ne ba, har yau ban ce ba. Abin da dai ya sani shi ne abin da ke cikin fayil, shanu kuwa ba su cikin fayil. Ranar da ya zo zagayen farko bai aiko ba, sai ganin motarsa na yi, ga shanun Jauro sun baje a titi suna ta aikin gwamnati.

Ya fito ya tsaya riƙe da ƙugu. Ya ce, "Malam Umaru, wannan filin jirgi ne ko burtali?"

Na ce, "Hilin jirgi na, Yallaɓai."

Ya ce, "Ba ka ga sakula ba, takardar umarnin hedikwata? An hana dabba kusantar titi. Yanzu zamanin Shari'a ne, kayan gwamnati amana ne a wuyanmu. Wa ya ba mutumin nan izini?"

Nan ne ya kamata in buɗe baki in ce ni ne, ga kuma dalili. Amma na hango kweri. Ga wanda bai sani ba, kweri takardar tuhuma ce da shugaba ke ba na ƙasa da shi, in ta shiga fayil ɗinka ƙarin girma sai dai ka ji ana yi. Sai na sunkuyar da kai na ce Fulani ne, Yallaɓai ya san halinsu.

Alhaji Lawali ya kai ƙarar Jauro gaban alƙali a Ƙaura, wai ɓarna da keta haddin gwamnati, aka kira ni shaida. Alƙalin dattijo ne, ya saurari ƙara har ƙarshe, sannan ya ce, "To na jiya. Mi anka ɓata?"

Shugabana ya ce, "Ciyawa, Allah ya gafarta Malam."

"Ciyawag ga shuka ta kunka yi?"

"A'a, ai so muke a yanke ta."

"Daɗa wanda yay yanke maku ita kyauta, shi kunka kawo ƙara?"

Mutane suka fara murmushi a ɓoye. Alƙali ya juyo gare ni ya ce, "Kai mai hili, kai kab ba shi izni?"

Ga Jauro a damana, ga shugabana a haguna. Na ce, "Allah shi gahwarta Malam, ban ba shi a rubuce ba."

Ya dube ni ta saman tabarau ya daɗe, ya ce shi bai tambaye ni alƙalami ba. Amma bai tsananta ba, ya kori ƙara, ya ce wa Jauro tun da masu wuri ba su so, ya nisanci wurinsu. Da muka fito Jauro ya saɓa sandarsa a kafaɗa, ya ce, "Umaru, damana ukku kana shan nonon shanun ga. Shi ma ba a rubuce ba." Mako bai zagayo ba ya tashi rugarsa ya yi wajen Zurmi. Na ji kunya ƙwarai, sai dai a lokacin tsoro ya fi kunyar ƙarfi.

Alhaji Lawali ya rubuta wa hedikwata a ba da kwangilar yankan ciyawa. Takarda ta tafi Gusau, ciyawa kuma ta ci gaba da nata aikin, ita ba ta jiran sa hannun kowa. Ƙyasuwa da tofa da tafasa suka haɗa kai, wata biyu suka kawo mini gwiwa, kafin ƙarshen damina sun kawo ƙirji. Duk wata ina aika rahoto cewa titi ba ya saukuwa, duk wata ana amsa mini cewa maganar tana kan tebur. Abu ɗaya dai na rubuta da gaskiyata a kowane rahoto: babu dabba ko ɗaya a filin jirgi.

Sai jan-baki ya zo. Wanda bai taɓa ganinsa ba ba zai gane ba. Tsuntsu ne da bai kai gwara girma ba, amma in garkensa ya taso daga fadama da sassafe sai ka ɗauka hayaƙin gobara ne. Lokacin da dawa ta fara ƙwaya tana ruwa-ruwa yake so, in ya sauka a gona babu mai kora, kafin azahar ya gama da ita. Maganinsa a wurin manomi ɗaya ne: a ja igiyoyi a rataya gwangwanaye, a kafa dandamali a tsakiyar gona, maza su hau da majajjawa suna ihu tun fitowar rana har faɗuwarta. Ko salla bi da bi ake yi. Muddin akwai mutane a gona, tsuntsu zai ci nasa, amma zai bar maka abin kai wa rumbu.

A cikin gonakin da ke bakin wannan fadama akwai ta surukina, Malam Isiya na Sakajiki, mahaifin matata Hajara. Gandu ne babba, shi da ƙannensa biyu da 'ya'yansu, kuma abincin shekarar gidan gaba ɗaya yana tsaye a wannan gona. Kwana takwas suka yi a kan dandamali, muryoyinsu duk sun dushe, amma dawa tana nan.

Ranar wata Talata da hantsi sigina ta shigo: jirgin feshi zai sauka ranar Alhamis, a shirya titi. Da azahar sai ga Alhaji Lawali. Ya nufi titi da ƙafa, taku kaɗan ciyawa ta haɗiye shi, hularsa kawai nake hangowa. Ya fito babbar rigarsa duk ƙarangiya, ya ce, "Ina Bafillacen nan naka?"

Ashe yanzu ya zama nawa. Na ce ya tashi tun tuni, kuma ko shanun kasuwar Shinkafi duka aka koro ba su cinye wannan a kwana biyu. Ya hau cire ƙarangiya. Can ya ce to sai gayya. Jirgin ai don manoma zai zo, su fito da lauje da fartanya su share masa hanya. Ya ce ya ji ina da surukai a Sakajiki, in je ta wurinsu.

Na hau keke na tafi. Na tarar da Malam Isiya a kan dandamali, rawaninsa ya saki, majajjawa a hannu. Na cire takalmi na tsuguna daga ƙasa. Ya sauko muka gaisa, na faɗa masa abin da ke tafe da ni, idona a ƙasa.

Ya ce, "Umaru, ka san in munka ba gonag ga baya wuni guda, mi za ya hwaru?"

Na ce, "Na sani, Baba. Amma in jirgin ga yas sauka, maraice guda za shi bi makwancinsu shi gama da su. Kowa shi huta."

"Ka tabbata shina zakkuwa Alhamis?"

"Sigina tac ce, Baba."

Ya ce, "Ni ban san Sigina ba, ban san ɗiyar wa ta ba. Kai nis sani. Shina zakkuwa?"

Na san halin siginarmu. Na sha buga ƙarfe in kori shanu, in yi wanka in sa kaki, rana ta faɗi ban ga ko shirwa ba. Amma na tuna fuskar shugabana, na kuma gaya wa kaina ai wannan karon abin gaggawa ne, ba za su saɓa ba. Na ce, "Shina zakkuwa, Baba."

Ya ce, "To shi ke nan."

Malam Isiya mutum ne da in ya miƙe gari ke miƙewa. Laraba da sassafe sai ga shi a gaba, bayansa mazan Sakajiki, bayansu na ƙauyen Banga da suka ji labari. Gonaki aka bar wa tsofaffin mata da ƙananan yara su riƙa jan igiya. Ban taɓa ganin aiki irin na ranar ba. Masu lauje a gaba, masu fartanya na bi suna tumɓuke saiwa, wasu na kwashewa, wasu na fasa suri da diga, wasu na cike ramuka suna daɓewa. Babu kiɗa, babu waƙar gayya, kowa hankalinsa na gona. Jefi-jefi sai ka ga mutum ya miƙe ya dafa ƙugu ya dubi sararin wajen fadama, ya sake sunkuyawa. Magariba ta yi saura kaɗan a gama, suka ce gobe da asuba za su dawo su ƙarasa.

Alhamis da hantsi titi ya fito ja wur, daga wannan kai zuwa wancan. Mutane suka fara saɓa kayan aikinsu za su koma. Alhaji Lawali ya ce a dakata. Akwai gangunan mai da na magani da za a mirgina zuwa gindin jirgi, kuma manyan ƙaramar hukuma na tafe da mai hoto, bai kamata baƙo ya sauka ya tarar da fili wayam ba. Aka dakata. Azahar ta yi, aka yi salla a bakin titi, sahu har uku. Malam Isiya ya aiko a kira ni.

Ya ce, "Umaru, rana ta karkata. Mu tahi?"

Na ruga ɗaki na kira hedikwata. Wanda ya ɗauka ya ce shi dai ya ji an ce jirgi na shirin tashi. Na dawo na ce, "Baba, ya kusa tasowa. Ku ɗan ƙara haƙuri." Ya koma inuwa ya zauna, da ya zauna kowa ya zauna.

Sai bayan la'asar sigina ta gaskiya ta shigo. Wai akwai takardar izinin ɗaukar magani da ba a sa wa hannu ba, mai sa hannun ya tafi taro, gobe kuma Juma'a, saboda haka sai Asabar in Allah ya so. Shugabana ya ce in sanar da jama'a, shi zai je ya tarbi manya a hanya ya ba su haƙuri. Motarsa ta tashi, ta bar ni tsaye gaban mutanen gari biyu. Na faɗa musu. Wasu suka yi salati, wasu suka faɗi maganganun da na cancanta. Surukina ya ɗauki laujensa ya kama hanya, har da ɗan gudu-gudu, dattijon da ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa ba.

Asabar jirgi ya zo, ɗan ƙarami mai ruwan ɗorawa. Ya zagaya sau ɗaya ya sauka sumul, ko girgiza bai yi ba. A nan ne matuƙin ya yi yabon da na faɗa muku, bai tsaya a baki ba har ya rubuta a littafi. Manya suka zo, aka yi hoto. Gab da magariba, lokacin da tsuntsu ke komawa makwanci, ya tashi ya bi fadama ya yi feshi. Aikinsa ya yi kyau, ba ni da abin cewa. Washegari jan-baki ga shi nan zube a ƙasa kamar an shanya barkono.

Ranar Lahadi na tattara ƙarfin hali na tafi Sakajiki. Tun daga nesa na ga dandamali babu kowa, igiyoyi sun saki. Karan dawa na tsaye kore shar, ganye lafiya lau, amma in ka kama zangarniya ka murza, ƙaiƙayi ne kawai ke zuba a tafinka. Wuni biyu da aka ba gona baya sun isa. Na tarar da shi a tsakiyar gona shi kaɗai, yana bin kara ɗaya-ɗaya ko zai dace da wadda tsuntsu ya manta. Na tsuguna. Na so ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na samu sauƙi.

Ya ce, "Umaru, an kwan lahiya? Ya su Hajara?"

Na ce, "Lahiya lau, Baba."

"Jirgi ya sauka lahiya?"

"Lahiya lau, Baba."

Ya ce, "To madalla. Aikinmu bai ɓaci ba."

Ya juya ya ci gaba da murza zangarniya. Har ya rasu bai sake tayar da maganar ba, bai kuma bari wani a gidansa ya tayar da ita a gabana ba.

Bayan wata biyu takardar yabo ta fito daga hedikwata. An yaba wa Alhaji Lawali saboda hikimar haɗa kan al'umma su gyara fili ba tare da gwamnati ta ɗauki nauyi ba, aka ce sauran filaye su yi koyi. Shi kuma, don mutum ne mai adalci, ya sa sunana a ciki. Da wannan takarda na samu mataki na biyar.

Da bazara ta yi, wata ranar kasuwar Ƙaura, na shiga layin 'yan hatsi sai na hango shi. Malam Isiya, wanda tun tasowarsa ba a taɓa ganin ƙasan rumbunsu ba, wanda maƙwabta ke zuwa wurinsa neman iri, yana tsugune gaban mai awo ya buɗe bakin ɗan buhu ana zuba masa tiya biyu. 'Ya'yansa maza duk sun tafi cin rani. Ina sanye da sabon kakina. Na ja da baya na laɓe bayan wata motar kaya har ya ɗaura buhun a keke ya wuce. Abin da na iya daga baya shi ne in riƙa aika hatsi ta hannun Hajara, ita kuma ta ce daga ɗinkinta ne, don in ya san daga ina ya fito ba zai karɓa ba. Ina jin ya sani.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe ko ku yar. A aikinmu ana auna fili ne da saukar jirgi, ba mai tambayar abin da aka kira jirgin ya zo ya tsare. Kuma na sama ba su cika yin ƙarya da bakinsu ba, takarda suke aikowa, sai a nemi wani ƙaramin ma'aikaci ɗan gari, wanda mutane suka san gidansu, a ce ya je ya faɗa. In an turo ku, ku faɗi iyakar abin da kuka sani, ku faɗi wanda ba ku sani ba, ko da kweri zai biyo baya. Sigina ba ta da suruki. Ku ne za ku tsuguna a gabansa.